Masanin jikin kifi: me yake yi a bakin kogin Isa?

A Yamai kowa ya san masunci, kowa ya san mai tuyar kifi, amma ba kowa ya san akwai wanda sana'arsa binciken jikin kifi da kare shi daga ƙarewa ba. Ga amsoshin tambayoyin da ɗalibai suka fi yi a kan wannan aiki.

Wane irin aiki ne wannan?

Rabinsa a ɗakin gwaje-gwaje, rabinsa a cikin kwalekwale. Da asuba mai bincike yana bakin ruwa lokacin da masunta ke fitowa da kamun dare. Zai auna tsawon kifi da nauyinsa, ya farke cikin wasu don ya ga ko ƙwai ya nuna. Idan ya koma ɗaki, sai ya ciro wani ɗan dutse da ke cikin kunnen kifi ya duba da madubin likita. Zobban da ke jikinsa su ke nuna shekarun kifin.

Me ya haɗa sanin jikin kifi da kare shi?

Nan gizo ke saƙa. Ruwa mai zafin digiri 20 yana riƙe iskar oksijin kusan miligiram 9 a kowace lita, amma idan ya kai digiri 30 sai ta sauko zuwa wajen 7 da rabi. Ga shi kuma jikin kifi ya fi bukatar iska idan ruwa ya ɗumama. Da dare tsirran ruwa ma shaƙar iskar suke yi, shi ya sa a watan Afrilu da Mayu mai kiwon kifi kan wayi gari ya tarar da karfasa sun taso sama suna hamma. Tarwaɗa kuwa ko a jikinta, domin tana da wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iskar sarari da ita. Gaiwa ta fi su duka: tabki na ƙafewa sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwana watanni tana jiran damina. Wanda ya san wannan bambanci shi zai iya faɗin irin kifin da ya dace a zuba a tabki kamar na Tabalak a jihar Tawa, wanda a 2005 ya shiga jerin wuraren da ke ƙarƙashin Ramsar, yarjejeniyar duniya ta kare dausayi.

Haka batun raga. Uwar karfasa a baki take goyon ƙwanta har su ƙyanƙyashe. Idan an san girman da take kaiwa kafin ta fara haihuwa, an san faɗin idon ragar da ya kamata a halatta. Wanda ya ja ruwa da gidan sauro ya kwashe ƴaƴan kifi, kamun baɗi ya cinye.

Wace barazana ce kifin kogin Isa ke fuskanta?

Kogin yana ratsa Nijar tsawon kilomita kusan 550, kuma a Yamai sau biyu yake cika a shekara: jan ruwa na damina wajen Agusta da Satumba, sai baƙin ruwa da ke isowa daga Gini a lokacin sanyi. Kifaye da yawa sun ɗaura haihuwarsu a kan cikar ruwa, su bi ambaliya cikin fadama su zuba ƙwai. Duk abin da ya taɓa wannan tsari ya taɓa su: yashi da ke cike kogi, ciyawar ruwa da ke toshe iska da haske, dattin gari, da madatsun ruwa irin na Kandaji da ake ginawa a jihar Tilaberi. Dattawa ba su manta 1985 ba, shekarar da kogin ya daina gudu a Yamai.

Masunta ba su riga sun san duk wannan ba?

Sun san da yawa. Sarkin ruwa ya san gurbin giwan ruwa da watan da kurungu ke ƙwai tun kafin a haifi mai binciken. A ganina, wanda ya raina wannan sani ba zai yi nisa ba. Abin da yake ƙarawa shi ne awo da rubutu shekara bayan shekara, wanda hukuma za ta iya kafa doka a kansa.

Me ake karantawa, kuma ina ake aiki?

A fara da bakaloriyar kimiyya, sannan ilmin halittu ko na noma a Jami'ar Abdou Moumouni, a ci gaba zuwa masta da digirin dokta. Lissafin ƙididdiga dole ne, haka Faransanci da Ingilishi don karanta aikin wasu. Ana aiki a jami'a, ko cibiyar binciken noma ta INRAN, ko hukumar ruwa da gandun daji, ko hukumar ABN ta ƙasashe 9 da ke raba kogin, wadda hedkwatarta ke nan Yamai. Wasu kuma gonakin kifi suke yi wa aiki, su yi wa tarwaɗa allurar da ke sa ta saki ƙwai, tunda ba ta cika haihuwa da kanta a cikin kwarmin siminti ba.