Allurar Mai Gaskiya Take Faɗa? Tambayoyin Masu Ƙananan Motoci a Maraɗi

Na cika tanki, na yi tafiya mai nisa allura ba ta motsa ba, amma da ta kai rabi sai ta riƙa sauka da gudu. Motata ce ke shan mai?

Yawanci ba motar ba ce, ma'aunin ne haka aka yi shi. A cikin tanki akwai wani ɗan abu marar nauyi da makanikai ke kira fulota, yana yawo a saman mai kamar gora a kan ruwa. An ɗaura shi a jikin wani siririn ƙarfe, idan mai ya ragu sai ya yi ƙasa, ƙarfen ya goga kan wata ƴar na'ura mai rage ko ƙara wutar da ke zuwa wurin allura. Ke nan allura tsayin mai take aunawa, ba ta san lita ba.

Idan ka cika tanki maƙil, fulota ta riga ta kai iyakarta ta sama, mai ya rufe ta. Sai ka ƙona wasu litoci kafin ta fara sauka. Ga kuma wuyan tankin, wato bututun da ake zuba mai ta ciki, shi ma yana riƙe da nasa. Sannan tankin ƙaramar mota ba murabba'i ba ne. An lanƙwasa shi ne ya shiga ƙarƙashin kujerar baya, ya kauce wa salansa, wato bututun hayaƙi, don haka wani wuri yana da faɗi wani wuri ya tsuke. Rabin allura ba lallai ya zama rabin tanki ba.

To lita nawa tankin ke ci?

Ya danganta da mota. Kia Picanto lita 35 ne, Toyota Yaris tsakanin 42 da 45 gwargwadon shekarar ƙira, Peugeot 206 kuwa 50. Takardar mota ce ke faɗin gaskiya, sai dai mafi yawan motocinmu ƴan Kwatano ne, sun iso ba takarda. A duba a intanet da sunan motar da shekararta. Idan ƴar Amurka ce za ka ga an rubuta da galan: galan ɗaya lita 3.8 ne, mil ɗaya kuma kilomita 1.6.

An ce tankina lita 45 ne, amma a gidan mai an zuba mini 47. Cutata aka yi?

Kada ka yi saurin kama rigar yaron. Adadin da kamfani ya rubuta bai haɗa da wuyan tanki ba, bai kuma haɗa da sararin iska da aka bari a sama da gangan ba. Idan mota ta zo kusan a bushe, kuma aka ci gaba da matsawa bayan famfo ya katse, lita ɗaya ko biyu na iya ƙaruwa. Amma in allura tana kan kwata aka ce maka an zuba 45, nan kam akwai magana.

Ni dai wannan ɗabi'a ta jijjiga mota don mai ya ƙara shiga ita ce ke damuna. Sararin nan yana da aiki. Fetur yana kumbura idan ya ji zafi, kusan kashi 1 cikin 100 a duk ƙarin zafi na digiri 10. Man da ya fito daga rijiyar ƙasa da ɗan sanyinsa, ka ajiye mota a rana cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, ina zai je? Ko ya tsiyaye, ko ya shiga tukunyar gawayin da aka tanada don tururin mai ya lalata ta. Famfo ya katse, ka ce ya isa.

Wutar gargaɗin ƙarewar mai ta kama. Saura nawa?

A yawancin ƙananan motoci saura kamar lita 5 zuwa 7. Cikin gari, daga unguwar Zariya zuwa Babbar Kasuwa, ba damuwa. A hanyar Dakoro kuwa kada ka dogara da ita, musamman da dare. Kuma famfon da ke tura mai zuwa inji a cikin tanki yake zaune, man ne ke sanyaya shi. Mai yawo kullum da jar wuta yana sa lita biyu-biyu, ran da famfon ya ƙone zai biya abin da ya fi cikon tanki. Shawarata, kwata ya zama shi ne ƙarshenka.

Allurata tana rawa, wani lokaci ta kwanta gaba ɗaya.

Ɗan motsi a kan gangare ko cikin yashi ba komai ba ne. In kuwa tana tsalle ko ta maƙale wuri guda, ko dai na'urar da ƙarfen ke gogawa ta cinye, ko datti ya like ta, ko fulota ta huje ta nitse, ko waya ta saki. A fara da fiyus da wayoyi kafin a buɗe tanki, shi ya fi araha. Man ƴan ruwa-ruwa, wato masu sayar da mai a kwalba, da ya kwana a jarka a buɗe, da ƙura da ɗan ruwa, yana gaggauta wannan lalacewa. Da yawa sun koma gidan mai tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023 man kwalba ya yi tsada, amma har yanzu in za a zuba maka na kwalba, a tace shi da tsumma mai tsabta.

Yaya zan san ainihin abin da motata ke sha?

Ka cika har famfo ya katse, ka mayar da ƙaramin ma'aunin kilomita kan sifiri. Ka yi harkokinka, sannan ka koma famfo ɗaya ka sake cikawa. A ce ka yi kilomita 300 an zuba lita 24: motarka na shan lita 8 a kowace kilomita 100. Da wannan lissafi, Maraɗi zuwa Damagaram, tafiyar kusan kilomita 240, lita 19 ne da ɗan ɗoriya. Ka maimaita awon sau biyu ko uku, domin na'urar sanyi da lodi da taya marar iska duk suna canja shi, kuma na cikin gari daban yake da na doguwar hanya.