Kafin ka rubuta sunanka a gasar gudun daji da tsauni

'Yan uwana mazauna Kaduna, musamman matasan da ke sammakon motsa jiki a Murtala Square da filin wasa na Ahmadu Bello, ga magana daga ma'aikacin lafiya. Gudu abu ne mai kyau, kuma ina murna da duk wanda ya riƙe shi. An yi gasar kilomita 21 a titunan garin nan a 2020, yanzu kuma wasu na sha'awar irin wadda ake yi a turbar daji da kan duwatsu, kamar ta tsaunin Obudu a Jihar Kuros Riba da aka fara a 2005. Mu ma muna da wuraren da suka dace da ita: tsaunukan Kagoro, duwatsun Kajuru, Kufena a Zariya. Sai dai gudun kwalta daban, na daji daban. A kan titi, in ka faɗi, motar asibiti za ta iso ka. A bayan dutse kuwa sai an ɗauko ka a kafaɗa, kuma kafin nan lokaci ya tafi. Saboda wannan nisan taimakon nake rubutun nan.

Fara da zuwa asibiti tun da sauran makonni. A auna hawan jininka. In ya kai 140/90 ko ya wuce, likita ne zai ce ka shiga ko ka dakata. Mai ciwon suga, mai asma, da wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji ko ya suma yana motsa jiki, duk su nemi shawara tukuna. Ka kuma san rukunin jininka na gwajin sikila, wato genotype. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da ciwon ba, yawancinsu lafiya lau suke rayuwa, amma idan gudu mai tsanani ya haɗu da zafi da ƙarancin ruwa a jiki, mai AS na iya yanke jiki ya faɗi. Ba a hana shi gudu ba. Ya dai tashi a hankali, ya tsaya da zarar ƙafafunsa sun saki ko numfashi ya gagara.

Abin da ya fi damuna shi ne zazzaɓi da maganin ciwon jiki. Mutum ya biya kuɗin rajista, ya yi wata da watanni yana atisaye, sai maleriya ta kama shi ana saura kwana biyu, ya ce ai zai daure. Don Allah kar ka daure. Jikin da ke zazzaɓi ya riga ya yi zafi, ya rasa ruwa, gudu sai ya ƙara masa. Haka nan masu haɗiyar ibuprofen ko diclofenac kafin a tashi don kada su ji ciwo: waɗannan ƙwayoyi na rage jinin da ke zuwa ƙoda, a daidai lokacin da gumi ya riga ya takura mata. Tramadol kuwa ya fi muni, domin yana toshe gargaɗin da jiki ke yi maka, yana kuma iya jawo jijjiga.

Game da ruwa, ka tafi da gorarka, kar ka dogara ga wanda masu gasa suka ajiye a hanya. Sha idan ka ji ƙishirwa, kaɗan-kaɗan. Ɗura wa ciki ruwa zalla fiye da kima shi ma haɗari ne, yana tsinka gishirin jini har mutum ya rikice. In gudun mai tsawo ne, haɗa ruwan gishiri da suga: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Dabino da ayaba sun isa guzuri.

A watannin Maris da Afrilu, zafin Kaduna ba abin wasa ba ne. Idan ka ga abokin gudu yana tangaɗi, yana surutun da ba kai, ko bai san inda yake ba, zafi ya buge shi, kuma rai ake magana. A kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, sannan a nemi asibiti. Sanyaya jikin ake fara yi, tun a wurin. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki. Da hunturu ƙura ce matsalar, mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu. Da damina kuma santsi da ciyawa mai ɓoye maciji. In kububuwa ko kasa ta sari mutum, ba a ɗaurewa, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A hana ƙafar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji.

Takalmin da ka saba da shi, mai kaushin ƙasa da ke kama dutse, shi za ka sa, ba sabo fil ba. Gangara ta fi hawa jawo targaɗe, don haka ka koyi saukowa da gajerun taku tun a atisaye.

Masu shirya gasar ma a tambaye su, ba rashin kunya ba ne. Ina ma'aikatan lafiya za su tsaya? Ta yaya za a fito da wanda ya ji rauni? An sanar da jami'an tsaro da masu unguwannin da za a ratsa? A ƙasar Sin, a watan Mayun 2021, 'yan gudu 21 suka rasu a gasar kilomita 100 ta kan tsauni, bayan sanyi da iska da ƙanƙara sun rutsa da su cikin tufafi marasa kauri. In ba a ba ka amsa mai gamsarwa ba, riƙe kuɗinka. Atisaye a daji kuma kar ka je kai kaɗai, kuma ka bar wa na gida labarin inda ka nufa.

Bayan an gama, ka lura da fitsarinka kwana ɗaya zuwa biyu. In ya koma kalar baƙin shayi, ko ya ragu sosai, ga tsananin ciwon tsoka, naman jiki ne ya farfashe yana cutar da ƙoda. Ka zo asibiti a ranar, ka gaya mana gudu ka yi da kuma duk maganin da ka sha.