'Yan Ayalan Mazauna Ƙetare: Ta Yaya Suke Kallon Talabijin ɗin Gida?

Su wa ake nufi?

Ayalan, wato Ireland, ƙasa ce da 'ya'yanta suka daɗe suna fita ci-rani. Yunwar da ta fara a 1845 ta kori jama'a da dama zuwa Amurka, sannan a shekarun 1950 dubban ɗaruruwa suka tsallaka Birtaniya neman aikin gini da jinya. Waɗannan, da jikokinsu, da matasan da ke tafiya Ostireliya da Kanada a yau, su ne masu ƙishin labarin gida.

Akwai tashar da aka buɗe musu ta musamman?

Babu, kuma abin takaici ne. An taɓa yin Tara Television a Birtaniya, mai nuna shirye-shiryen RTÉ, gidan rediyo da talabijin na ƙasa, amma ta durƙushe a 2002. A 2007 majalisar Ayalan ta yi doka ta ɗora wa RTÉ nauyin samar wa mazauna ƙetare tashar talabijin. Sai tattalin arziki ya karye a 2008, aka jingine maganar, har yau tashar ba ta zo ba.

To da me suke kallo?

Da intanet. Manhajar RTÉ Player tana nuna labarai da wasu shirye-shiryen gida a ƙasashen waje. TG4, tashar harshen Ayalan da aka buɗe a 1996, tana sakin akasarin shirye-shiryenta ga duk duniya. Wasannin gargajiya kuwa, hurling da ƙwallon Gaelic, tun 2014 ake biyan kuɗi a kalle su a manhajar GAAGO, wadda ta koma GAA+ a 2025. Ranar wasan ƙarshe a filin Croke Park na Dublin, za ka tarar da mutane a Sydney sun hana idonsu barci, sanye da rigar gundumarsu, suna jiran a take wasa.

Me ya sa wasu shirye-shiryen ba sa buɗuwa?

Batun haƙƙi ne. Idan RTÉ ta sayi izinin nuna fim ko wasa, na cikin Ayalan kawai take saya. Manhajar tana gane ƙasar da mutum yake ta adireshin intanet ɗinsa, sai ta rufe masa ƙofa.

Wa aka bari a baya?

Tsofaffi. A da, RTÉ Radio 1 tana fita a dogon zango, mita 252 a ma'aunin kilohaz, daga gundumar Meath, kuma ana kama ta a sassa da yawa na Birtaniya. Dattijon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana haƙa hanya a Landan ko Manchester, yana zaune shi kaɗai a ɗaki, ƙaramar rediyonsa ce ke kawo masa wasan Lahadi da muryoyin garinsu. A 2014 RTÉ ta ce za ta rufe zangon, 'yan Ayalan na Birtaniya suka tayar da jijiyar wuya, aka ɗage. A watan Afrilun 2023 aka kashe shi, bisa hujjar tsadar lantarki da kula da na'urori. An ce su koma intanet ko tauraron ɗan'adam, inda tashar take har yanzu. Ni dai ban ga adalci a nan ba. Mutanen da suka yi shekaru suna aika kuɗi gida lokacin da ƙasar ke cikin talauci ne aka ce su koyi latsa manhaja suna da shekara tamanin, da yawansu kuma ba su da ɗa ko jika a kusa da zai saita musu.