Katin Dawanau ba ya wanke direban da ya bugu ya kaɗe mutum

Da zarar an ce wani ya sha ya bugu ya kaɗe mutum a titin Zariya ko hanyar Hadeja, kafin ma a kai mamacin makwancinsa maganar ta gama gari: "Ai iyayensa sun je karɓo takardar Dawanau, shi ke nan jinin bawan Allah ya tafi a banza." Ana nufin takardar asibitin masu taɓin hankali da ke Dawanau a Kano. Wannan zance yana cutar da gida biyu. Dangin mamaci suna yanke ƙauna tun kafin a shiga kotu, wasu matasa har su fara tunanin ɗaukar doka a hannu. Masu fama da larurar ƙwaƙwalwa ta gaskiya kuma, waɗanda ba su taɓa kowa ba, ana ta yi musu kallon mayaudara.

A Kano ana aiki da kundi biyu: Penal Code da Arewa ke amfani da shi tun 1960, da dokar laifuka ta Shari'ar Musulunci ta shekarar 2000, wadda ke hawa kan Musulmi a kotunan Shari'a. Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 kuwa tana kan duk wanda ya riƙe sitiyari, ko direban tirela ne ko ɗan adaidaita sahu.

Sashe na 51 na Penal Code shi ne tushen ruɗanin. Abin da ya ce shi ne, ba a kama mutum da laifi idan a daidai lokacin da ya yi aikin taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake yi, ko sanin cewa abin ba daidai ba ne ko ya saɓa doka. Alƙali ba ya tsayawa kan ko an taɓa kwantar da mutum bara, ko yana karɓar magani duk wata a Asibitin Malam Aminu Kano. Abin da yake nema shi ne halin da hankalinsa ke ciki lokacin da ya taka totur. Mutane da yawa suna da ciwon damuwa ko wata larurar da ake bin ta da magani, suna zuwa kasuwa, suna koyarwa, suna tuƙi lafiya lau, kuma sun san taka ɗan Adam laifi ne. Doka tana ɗaukar su masu hankali kamar kowa.

Nauyin kawo hujja ma yana kan wanda ake tuhuma. Dokar Shaida ta 2011 ta ɗora wa duk mai iƙirarin hauka ko maye ya tabbatar da shi da kansa. Zai kawo likitan ƙwaƙwalwa ya tsaya a kotu lauyan gwamnati ya yi masa tambayoyi, a duba tarihin jinyarsa, a ji daga waɗanda suka gan shi kafin haɗarin da bayansa. Wanda ya kaɗe mutum ya tsere, ya ɓoye motar a gareji, ya kira lauya da asuba, zai sha wuya kafin ya gamsar da alƙali cewa bai san ya yi ɓarna ba. A nan Arewa ƙofar ta ma fi ƙunci: dokar laifuka ta Kudancin Najeriya tana sauraron wanda ciwo ya hana shi iya riƙe kansa, amma sashe na 51 maganar sani kawai yake yi.

Maye kuwa dokar ba ta yi masa sassauci ba. Sashe na 44 ya ce wanda ya yi aiki cikin maye ana ɗaukar sa ya san duk abin da zai sani da bai sha ba. Sashe na 52 ya ware mutum ɗaya tak: wanda aka ɗura masa abin maye da ƙarfi, ko aka zuba masa bai sani ba. Kuma maye bai tsaya ga giya ba. Kodin, taramol, wiwi, duk abin da ya hana mutum sarrafa mota ya shiga ciki.

Inda abin ke ɗaure wa mutane kai shi ne idan biyun suka haɗu: ga ciwo na gaskiya, ga kuma kwalba. A nan kotu za ta so ta san wanne ne ya gusar da hankalin a wannan daren. Idan yana kan maganinsa yana harkokinsa, sai da ya sha sannan ya fita hayyacinsa, to shan ne sila, kuma da hannunsa ya kai baki. Idan kuwa ciwon ya riga ya tashi har bai san inda yake ba tun kafin ya taɓa komai, lauyansa yana da abin faɗa, in ya iya tabbatarwa. Wanda ya ruɗe bayan haɗarin kuwa, ya daina barci, ya daina gane mutane, nasa daban ne. Za a dakatar da shari'arsa har ya iya kare kansa, amma tuhumar tana nan tana jiran sa.

Malamanmu sun daɗe da raba wannan gardama. An ɗauke alƙalami daga mahaukaci har ya warke, amma Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta faɗa ƙarara cewa mai maye idan ya yi kisa ana kama shi da shi, mahaukaci kuma idan ya kashe mutum diyya tana kan danginsa. Ke nan ko an tabbatar da haukan, haƙƙin marayu bai faɗi ba. Ga kuma haddin shan giya, bulala 80, wanda yake daban.

Mai zaton samun kariyar taɓin hankali a kotu na nufin komawa gida ya yi kuskure babba. Kotu tana ba da umarnin a tsare mutumin a wuri mai tsaro, ba tare da ranar fita ba, sai likitoci sun gamsu hukuma ta amince. Wanda aka samu da laifin kisa ta hanyar tuƙin ganganci, dokar 2007 ta ce ɗaurinsa ba zai wuce shekara 7 ba, ya san ranar fitarsa. Wanda aka tsare saboda taɓin hankali bai sani ba. A watan Janairun 2023 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Ta kare mutuncin majinyaci da haƙƙinsa na samun magani, amma ba ta yafe wa kowa laifin tuƙi cikin maye ba.

Ni abin da ya fi ci min rai yana wani wajen. Dokar 2007 ta yanka wa mai tuƙi cikin maye tarar naira 5,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko duka biyun. Naira dubu biyar yau ko rabin tankin ƙaramar mota ba ta cikawa, ta yaya za ta tsorata ɗan gata? Sannan shari'o'in da ke mutuwa, da yawa ba takardar likita ce ke kashe su ba. Ba a auna direba a daren da abin ya faru, kafin gari ya waye mayen ya sake shi, hujja ta tafi. Sai manya su cika zauren gidan makoki da "a yi haƙuri, ƙaddara ce", a matsa wa matar mamaci ta yafe tun tana cikin takaba, ba wanda ya zaunar da ita ya gaya mata tana da haƙƙin diyya, balle a tambayi rabon yaran da ba su balaga ba.