Ƙaramar tirelar yada zango

Ƙaramar tirelar yada zango ɗan ɗaki ne mai taya biyu da ake ƙulla wa mota a baya, a ja shi zuwa inda babu masauki kuma babu wutar lantarki, a kwana a ciki, a yi girki a gefensa. Ba ta da injin kanta. Yawancinsu nauyinsu bai wuce kilo 400 zuwa 1,200 ba, kuma suna ɗaukar mutum biyu ko ƙaramin iyali. A Ghana ba kasafai ake ganinta a hanya ba, amma duk abin da ake buƙata don ƙera ta da ba ta wuta yana nan a Kumasi da Accra.

Asali

A Ingila aka fara ƙera keken kwana don yawon shaƙatawa. A 1885 wani likita mai suna William Gordon Stables ya sa aka yi masa ɗaya a birnin Bristol, dawakai ne ke jansa. Da mota ta yaɗu sai aikin ya koma hannunta. A Amurka, cikin shekarun 1930 da 1940, wata ƙaramar tirela mai siffar ɗigon hawaye ta yi farin jini, mai katifa a ciki da madafa a baya, kuma mutane da yawa a gida suka ƙera tasu. Irin wadda aka yi don hanyar daji kuwa, mai tsayin ƙafa da ƙarfin shasi, Afirka ta Kudu da Ostareliya ne suka fi ƙwarewa a kanta, kuma ita ce ta fi dacewa da ƙasa irin Ghana.

Ire-irenta

Akwai mai siffar ɗigon hawaye, wadda ba a iya tsayuwa a cikinta. Akwai mai tanti, wadda akwati ce kawai sai an isa a buɗe tamfol a samansa. Akwai kuma mai bango da rufi sosai, wadda ta fi nauyi da tsada. Mai tanti ta fi sauƙin ja, ta fi shan iska, amma idan aka naɗe tamfol da jiƙa a damina yakan yi fumfuna cikin 'yan kwanaki.

Zaɓe: a fara da mota

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ga tirela ta burge shi, ya saya, sannan ya tambayi ko motarsa za ta iya. Kowace mota tana da iyakar nauyin da za ta ja, a rubuce a littafinta. Nauyin da ake ƙirgawa kuwa shi ne na tirela da duk kayanta: ruwa, batir, tukunyar gas, abinci, safayar taya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tankin lita 80 ya kai nauyin babban mutum. A Turai tirelar da ta haura kilo 750 dole ta kasance da birkinta, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ga duk wanda zai gangara tudun Aburi ko na Kwahu da kaya a bayansa. Batun rajista da lamba kuwa na DVLA ne, wato hukumar lasisin tuƙi da rajistar motoci ta Ghana, a can ake tambaya kafin a hau titi.

Yadda aka jera kaya yana da muhimmanci kamar yawansu. Kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin ya kamata ya danne ƙugiyar mota. Idan kaya masu nauyi suka taru a bayan taya, tirela takan fara lilo hagu da dama da an ƙara gudu, musamman idan babbar mota ta wuce ta. A hanya irin ta Accra zuwa Kumasi, mai tsawon kusan kilomita 250 cike da manyan motocin da suka taso daga tashar jiragen ruwa ta Tema, wannan lilon yana iya kifar da mota da tirela gaba ɗaya.

Wanda zai sayi tsohuwa da aka shigo da ita daga waje ya duba ƙasar da ta fito. Ta Ingila ƙofarta tana hagu, domin a can a hagu ake tuƙi. Ghana kuwa ta koma tuƙin dama tun 1974, saboda haka idan aka tsaya a gefen hanya ƙofar za ta buɗe ne ta ɓangaren titi, abin da ba a so ga mai yara. Ta Amurka an haɗa mata waya don wutar volt 120, alhali ta Ghana 230 ce. Ƙwallon ƙugiya ma ya bambanta: na Turai milimita 50 ne, na Amurka da aka fi sani inci 2, wato milimita 50.8. Bambancin bai kai milimita ɗaya ba, amma ya isa ya sa mahaɗin ya yi sako-sako.

Ƙera ta a gida hanya ce mai kyau. A Suame Magazine da ke Kumasi akwai masu walda da makanikai da suka daɗe suna gina jikin manyan motoci, a Abossey Okai da ke Accra kuma ana samun sifirin da boris da ƙafafun taya. Mazauna Aboabo da Asawase ko Nima da Sabon Zango ba sai an nuna musu hanyar waɗannan wurare ba. Dabara mai amfani ita ce a sa wa tirela taya iri ɗaya da ta motar da ke jan ta, yadda safaya ɗaya za ta yi wa duka biyun aiki. Abin da ya kamata a tsaya a kansa da mai walda shi ne nauyi, domin hannun da ya saba da jikin tifa yakan zuba ƙarfe fiye da kima. A kuma nace a kan iska. Yawancin zanen da ake kwaikwayo an yi su ne don ƙasashen sanyi, inda ake son tsare ɗumi. A nan ana buƙatar taga biyu masu fuskantar juna da ragar sauro, da mafitar iska a rufi, da farin fenti.

Wuta

Kafin a sayi faifan sola ko batir, sai a lissafa abin da za a ci a yini. Ana ninka wat na kowace na'ura da awannin da za ta yi aiki. Misali, fanka mai wat 20 da ta kwana tana juyawa awa 8 ta ci wat-awa 160. Fitilu masu wat 10 na awa 4 sun ci 40. Cajin wayoyin gida kusan 60. Ƙaramin firji mai kwamfuresa na volt 12 shi ne babban mai ci: a zafi irin na arewacin Ghana yana iya kaiwa 500. Jimla kusan 760 ke nan a yini.

Batir iri biyu ne ake zaɓa tsakaninsu. Na dalma ya fi araha kuma ana samunsa ko'ina, amma rabin abin da ke cikinsa kawai ake sha idan ana so ya daɗe, kuma zafi yana gajarta masa rai ƙwarai. Mai Ah 100 (Ah ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa ne) yana kusan kilo 30, abin da zai bayar bai wuce wat-awa 600 ba. Na litiyam, irin LiFePO4, mai girman nan nauyinsa bai kai rabin haka ba, yana riƙe wat-awa 1,280, ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin 100 nasa, kuma yana jure caji sau dubbai. Ga tirela, inda kowane kilo ake ƙirgawa, na litiyam ya cancanci kuɗinsa. Batirin tada mota ba na wannan aikin ba ne, yakan mutu da wuri idan ana zuƙe shi kullum.

Ghana tana samun hasken rana da ya kai kimanin awa 4 zuwa 6 na cikakkiyar rana a yini, arewa ta fi kudu. Amma faifai ba ya ba da abin da aka rubuta a jikinsa. Ana auna shi ne a zafin digiri 25 na ma'aunin Celsius, kuma da ya yi zafi a kan rufi ƙarfinsa yakan ragu. Ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu tana rufe gilashin, hadarin Yuni da Yuli a yankin Asante yana tare rana. Faifai mai wat 200 zai iya ba da wat-awa 650 zuwa 700 a yini mai kyau, wato bai cika lissafin da ke sama ba. Wat 300 ya fi zama daidai. Ana haɗa shi da batir ta na'urar daidaita caji, kuma irin MPPT ta fi irin PWM tatso wuta. Akwai wata matsala da ta shafi ƙasar zafi musamman: mai tirela inuwa yake nema, faifai kuwa rana. Maganinta faifai mai naɗewa da doguwar waya, a ajiye tirela ƙarƙashin itace a shimfiɗa shi a fili.

Mota ma tana iya cajin batirin yayin tafiya. Ga batirin litiyam ana sa na'urar caji ta DC zuwa DC a tsakani don kada altaneta, wato na'urar da ke samar da wuta a mota, ta ƙone. Tafiyar Kumasi zuwa Tamale ta Techiman da Kintampo ta isa ta cika shi. Inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ana buƙatarta ne kawai don kayan volt 230, kuma tana cin wuta ko ba a jona mata komai ba, don haka a kashe ta bayan amfani. Na'urar sanyaya ɗaki da butar lantarki sun fi ƙarfin irin wannan tsari.

Kowace wayar da ta fito daga batir tana buƙatar fiyus kusa da kan batirin, da kauri daidai da wutar da za ta ɗauka, domin siririyar waya ita ke jawo gobara. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, saboda haka akwatin tukunya a waje yake zama, da rami a ƙasansa don gas ɗin da ya tsiyaye ya fita. Janareta kuma ba a kunna shi kusa da taga, a cikin hayaƙinsa akwai iskar da ba ta da wari amma tana kashe mai barci.

Wuraren zuwa

Daga Kumasi mafi kusa shi ne tafkin Bosomtwe, kimanin kilomita 30 kudu maso gabas, sai dai gangaren shigarsa yana gwada birki. Daga Accra akwai Shai Hills da Ada Foah, inda kogin Volta ke shiga teku kuma iskar gishiri ke cin ƙarfe. A arewa akwai gandun dajin Mole kusa da Damongo, da tsohon masallacin Larabanga a bakin hanyarsa. Gandun daji suna ƙarƙashin sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji, kuma a inda ma'aikatansu suka nuna ake sauka. A Mole gwaggon biri sun saba da buɗe kayan baƙi, don haka madafar tirela tana buƙatar kwaɗo. A ƙauye kuwa ana fara gaida sarkin gari a nemi izini kafin a kwance ƙugiya.