Gidajen hutu na alfarma da manoman karkara a arewacin Kamaru

Gidajen hutu na alfarma masaukai ne da ake ginawa nesa da hayaniyar gari domin masu yawon buɗe ido da mafarauta masu hannu da shuni. A arewacin Kamaru akasari ana kiran irin wannan masauki kamfama, kuma an fi samun su a tsaunukan Kafsiki kusa da Rumsiki, da bakin tafkin Lagdo, da kewayen gandun dajin Waza, da na Binuwai, da na Buba Njidda, waɗanda gwamnati ta mayar gandayen ƙasa a 1968, sai kuma na Faro da ya biyo baya a 1980. Yawancinsu zagayayyun ɗakuna ne masu jinkar ciyawa irin ginin mutanen wurin, sai dai a ciki akwai lantarki da ruwan famfo, wasu har da wurin ninƙaya.

Abin da baƙo ke biyan kuɗi ya gani ƙasa ce da wasu ke ci daga gare ta. Matakalan duwatsun da suka ƙawata gangaren tsaunukan Mandara, manoman Mafa da Kafsiki ne suka jera su da hannu tun kaka da kakanni domin kada ruwa ya kwashe musu ƙasar gero da dawa, kuma da za su daina gyara su, da kyan wurin ya tafi tare da amfanin gonar. Wannan gaskiya ce da ba kasafai ake sanya ta a lissafin kuɗin ɗaki ba.

Babban tushen saɓani shi ne mallakar ƙasa. Dokar filaye ta 1974 ta ɗauki duk filin da ba shi da takardar mallaka a matsayin filin ƙasa da gwamnati ke kula da shi, alhali mafi yawan manoman karkara sun gaji gonakinsu ne, ko kuwa lamiɗo da lawan da jauro suka yanka musu, ba tare da rubutu ba. Don haka mai jari da ya zo da takarda daga hukuma yakan fi ƙarfin wanda ya shekara talatin yana noma wurin. Lamarin ya fi tsanani a jihar Arewa, inda aka keɓe manyan yankunan farauta a kewayen gandayen ana bayar da hayarsu ga kamfanoni, a daidai lokacin da jama'a daga jihar Arewa Mai Nisa ke ta kwararowa kwarin Binuwai tun shekarun 1970 don noman auduga da masara da gyaɗa. Dokar gandun daji da namun jeji ta 1994 ta buɗe hanyar a riƙa bai wa ƙananan hukumomi da ƙauyuka wani kaso na kuɗin hayar, amma manomin da giwa ko gwaggon biri ko dorina suka cinye masa gona a dare ɗaya da wuya wannan kaso ya share masa hawaye. Makiyayan Mbororo ma suna kukan an toshe musu burtali da mashaya.

Amfanin da ke tsakani ba ƙarami ba ne. Baƙi sukan zo ne da rani, lokacin da hanyoyi suka bushe kuma aka gama girbi, don haka matasan da za su tafi cin rani Garwa ko Marwa sukan samu aikin gadi, da girki, da jagorancin baƙi, da bin sawun dabbobi a gida. Masu lambu na sayar da albasa da tumatir, masaƙa da maƙera da dukawa su ma su samu kasuwa. Sai dai a wannan lokacin ne rijiyoyi ke ƙafewa, kuma masaukin da ya haƙa rijiyar burtsatse ya bar maƙwabta suna dogon layi da tuluna ba ya samun yardarsu.

Harkar ta durƙushe a jihar Arewa Mai Nisa bayan da 'yan Boko Haram suka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Waza a watan Fabrairun 2013. Masaukai da dama suka zama kufai, waɗanda suka dogara da su kuwa suka koma ga fartanya da masakwa.