Al'adun Tsibiran Komoros

Komoros ƙasa ce ta tsibirai a Tekun Indiya, tsakanin gaɓar Mozambik da Madagaska. Tsibirai uku take mulki: Ngazidja, inda Moroni babban birnin ƙasar yake, da Nzwani da Mwali. Na huɗun, Maore, yana hannun Faransa, Komoros kuwa ba ta janye iƙirarinta a kansa ba. Kusan duk mutanen ƙasar Musulmi ne mabiya mazhabar Shafi'iyya, harshensu Shikomori kuma dangin Suwahili ne.

Asali

Al'adun tsibiran sun samo tushe daga cuɗanyar mutanen gaɓar gabashin Afirka da Larabawa da Shirazawa (mutanen Shiraz ta Farisa) da Malagasawa (mutanen Madagaska), waɗanda fatauci ya haɗa. Tarihin baka yana cewa wani mai suna Mtswa Mwindza ya nufi Makka don ya ga Annabi (SAW), ya tarar ya yi wafati, sai ya komo ya gina masallaci a garin Ntsaweni da ke Ngazidja. Masana sun fi karkata ga cewa Musulunci ya kafu ne sannu a hankali bayan haka, ta hannun fatake. Tsohon masallacin Juma'a na Moroni ana danganta gininsa da wajajen 1427. Sarakuna da dama sun mulki tsibiran, Ngazidja kaɗai ta rarrabu masarautu masu yawan yaƙi da juna, kafin Faransa ta shimfiɗa ikonta a 1886. An samu 'yancin kai ranar 6 ga Yuli, 1975.

Babban aure

Al'adar da ta fi kowace nauyi, musamman a Ngazidja, ita ce anda, wato babban aure. Namiji kan yi ƙaramin aure tun yana matashi, amma ba ya shiga sahun dattawa sai ya yi wannan biki, wanda ke ɗaukar kwanaki ana yanka shanu, ana ciyar da gari, ana kai wa amarya zinariya. Wanda ya kammala shi ake kira mdru mdzima, ma'ana cikakken mutum: shi ke da sahun gaba a masallaci, shi ke da ta cewa a bangwe, dandalin da ake yanke shawarar gari, kuma akwai alkyabbar da sai irinsa ke sawa. Wasu sukan shafe shekaru suna tara kuɗinsa, galibi da gudummawar 'yan'uwa mazauna Marsey ta Faransa. Abin lura shi ne dangin amarya ke gina gida, miji ya tare a gidan matarsa, gonakin gado da ake kira manyahuli kuma ta ɓangaren mata suke bi. Shugaba Ali Soilih ya yi yunƙurin hana bikin kafin a kifar da shi a 1978, bai yi nasara ba.

Kiɗa da kwalliya

Kiɗan twarab daga Zanzibar ya shigo, ana kuma yin sa a bukukuwan aure. Mata suna shafa msindzano a fuska, wato itacen sandal da aka goga a kan dutsen murjani, matan Nzwani kuma an san su da mayafin shiromani.